Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jigawa da 'yan rod sefti: kwalta ta iso ƙauye, kariya ba ta iso ba

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi, da kuma yallaɓai Kwamandan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa reshen Jigawa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni mai faci ne, rumfata tana bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Ringim ya bi ta Majiya ya nufi Gujungu, daga safe har bayan isha'i idona yana kan kwaltar nan, to shi yasa na ga ya kamata in rubuto muku abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu mutanen ƙauye, ba don siyasa ba wallahi, ni ba ni da kowa a gwamnati ba ni da kowa a adawa, kawai dai jana'izar ce ta yi mana yawa.

Ba zan ce gwamnati ba ta komai ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra zamanin Janar Babangida, an sake mata doka a 2007, an fito da lambar gaggawa 122, a 2017 aka ce dole kowace motar haya ta saka na'urar da ke hana ta wuce gudun da aka ƙayyade, duk watannin ƙarshen shekara muna jin sanarwa a rediyo ana jan kunnen direbobi, kuma daga watan Maris na 2025 gwamnatin tarayya ta hana tankar da ke ɗaukar lita 60,000 yin lodin mai. A nan jiha kuma maganar tituna kam sai godiya, tun zamanin Sule Lamido zuwa Badaru zuwa kai yanzu ana ta shimfiɗa kwalta, ƙauyen da a da sai a jaki ko amalanke yanzu mota tana shiga har ƙofar gida, mai naƙuda ta isa asibiti, manomi ya kai buhunsa kasuwa. Mun gani mun yaba.

Amma duk da wannan, hukumar kiyaye haɗurra da bakinta ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗarin mota a Najeriya a 2024, alhali a 2023 mutum 5,081 ne, wato maimakon abin ya ragu ƙaruwa ya yi, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka yarda da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage mace-macen titi da rabi kafin 2030. Sannan wannan lissafin na waɗanda aka rubuta ne fa. A nan wajenmu yaro zai faɗo daga babur da hantsi, a kai shi gida, kafin la'asar an yi masa sallah an binne, ba ɗan sanda ba rod sefti ba takarda, iyayensa su ce sun bar wa Allah. Waɗannan ba sa cikin lissafin kowa.

Abin da nake son ku gane ranka ya daɗe shi ne, duk wannan ƙoƙarin a birni yake tsayawa, a bakin shataletale da ofis da gidan rediyo. Mu an kawo mana titi mai santsi an ratsa shi ta tsakiyar gari, makarantar firamare a wannan ɓangaren, gidajen yaran a wancan ɓangaren, masallacin Juma'a a nan, rijiyar burtsatse a can, aka tafi aka bar mu da shi. Lokacin da titin yake da ramuka direba dole yake lallaɓawa, yanzu da ya yi kyau sai ya take mota tun daga Gezawa ba ya ɗaga ƙafa sai ya ga Haɗejiya. Ba cewa nake a dawo mana da ramuka ba, Allah ya kiyaye, cewa nake wanda ya yi titi bai gama aiki ba sai ya yi abin da zai sa mota ta rage gudu in ta shigo cikin mutane.

A dokar tuƙi ta ƙasar nan gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa, tirela da tanka ma 45. Ku zo ku tsaya a rumfata ku ga ko akwai mota ɗaya cikin goma da ke bin wannan. Motar da ke gudun 100 tana cinye wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya ga yarinya mai tallan gyaɗa ta tsallako, ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai kan birki, an riga an gama. Kuma yaran nan ba su san lissafin gudu ba, su dai sun ga mota can nesa, sun ga fasinja ya miƙo hannu ta taga a motar da ta tsaya a tsallake, sai su zura da gudu da faranti a ka saboda kar wata ta riga su ciniki. Na sha ganin farantin yana juyi a kan kwalta gyaɗa ta watse, mai farantin tana kwance gefe. Ba abu ne da mutum zai gani ya yi barci ba.

In an yi irin wannan me ke biyo baya? Matasan gari su fusata su tare hanya, washegari su kwaso ƙasa da duwatsu da kututturen dabino su yi nasu tudun a kan titi, ba fenti ba alama, da dare wani baƙon direba ya zo ya hau kai da gudu mota ta ƙwace, a sake wata asarar. Dan Allah ma'aikatar ayyuka ta zo ta yi tudun rage gudu irin na ƙa'ida, mai faɗi mai fenti, da allo tun daga nesa, a mashigar kowane gari da mafitarsa da gaban kowace makaranta, kuma a saka shi cikin kwangilar titin tun farko, kar a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai an gani da ido. In an yi magana sai a ce ai wannan titin na tarayya ne wancan na jiha ne, to ranka ya daɗe waɗanda ake binnewa dai 'yan Jigawa ne, kuma kai ne kake da bakin da Abuja za ta ji.

Sai ranar kasuwa. Ranar Lahadi ta Gujungu, ranar Alhamis ta Maigatari, duk wanda ya san hanyoyin nan ya san a ranakun ne abin ya fi faruwa, kasuwa ta cika ta tumbatso ta hau kan kwalta, mai rake a nan, mai awaki a can, motoci sun yi fakin hagu da dama sun bar 'yar siririyar hanya, tirela kuma ga ta nan tafe tana hon. Ranar kasuwa ba ɓoyayya ba ce, kowa ya san ta tun kaka da kakanni, me zai hana hukuma ta tsara aikinta a kan ranakun kasuwanni, a turo ma'aikata tun asuba su wuni, ƙaramar hukuma kuma da take karɓar haraji a kasuwar ta ware filin fakin da wajen lodi a bayan titi?

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani, wato taya. Ranka ya daɗe mafi yawan motocin hayar da ke bin hanyar nan a kan tayar gwanjo suke tafiya, wadda aka gama cin amfaninta a Turai aka loda mana. A jikin kowace taya akwai wasu lambobi guda huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar, in ka ga 2316 to sati na 23 ne na shekarar 2016, kuma 'yan rod sefti suna cewa taya in ta shekara huɗu da yi ta gama aiki ko da ba a taɓa ɗaura ta ba. Direbobi nawa ne suka san da wannan lambar? Da yawa sai na nuna musu da yatsa suke cewa au dama abin yana da ma'ana. Ana kawo min taya wadda ta haura shekara goma, gefenta duk ya tsattsage, wata ta yi ƙulu a ciki, wata ta suɗe har wayar ciki ta fito, wata kuma an bi ta da wuƙa an sake yanka mata zane don ta yi kama da mai sauran rai. Sai direba ya ce min malam ƙara mata iska sosai lodi zan yi. In ce masa wannan tayar ba za ta kai ka Kano ba, ya ce to ya zan yi, kuɗin sabuwa ya fi abin da nake samu a wata, Allah dai ya tsare. In na ƙi taɓawa ya gangara gaba wani ya yi masa.

To ka haɗa tsohuwar taya da iska fiye da kima da lodi fiye da kima da zafin kwalta na watan Afrilu da tsakar rana, me kake jira? Ta fashe, direba ya firgita ya danna birki da ƙarfi, wanda shi ne babban kuskure, mota ta wuntsila. Abin da ya kamata shi ne ya riƙe sitiyari gam ya ɗaga ƙafa daga totur ya bar ta ta rage da kanta, amma wa ya koya masa? Yawancinsu daga yaran mota suka zama direbobi, ba makarantar tuƙi, lasin kuma wasu a gida aka kawo musu. Shawarata a nan, maimakon a tsaya a daji ana kama direba a ci shi tara ya biya ya ci gaba da tafiya a kan tayar nan dai, a bi ta inda tayar take shigowa da inda ake sayar da ita, sannan gwamnatin jiha ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi a samo sabuwar taya a ba su bashi suna biya kaɗan kaɗan ta hannun shugabannin tasha, kamar yadda ake ba manoma taki. Mu ma masu faci a tara mu a koya mana, a ba mu gejin auna iska mai kyau, don ta hannunmu kowace taya take bi kafin ta hau titi, kuma direba ya fi jin maganarmu a kan ta mai kaki.

Maganar obalodi kuwa kowa ya sani. Golf da aka yi don mutum huɗu da direba, a zuba biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokacin har da wani a gefen direba suna raba kujera, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya yara biyu a kai ƙafafu suna reto. Wa zai yi maganar ɗaura bel a irin wannan zama? Ban goyi bayan direba ba amma ku duba lissafinsa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mai ya ninninka, ga balas ɗin mai mota kullum, ga kuɗin tasha da na kamasho, ga na hanya, fasinja kuma talaka ne in an ƙara masa kuɗi ba zai iya ba, to sai a cike giɓin da ƙarin mutum da ƙarin gudu don a yi sawu biyu maimakon ɗaya. Wasu kuma don kar barci ya ɗauke su sai a haɗa da ƙwaya ko gadagi.

Na ce na hanya, bari in fito da shi fili. Akwai masu kaki iri iri da ke tsayawa a hanyoyin nan, ba zan kama sunan kowa ba, kuma a cikinsu akwai mutanen kirki na san wannan, amma da idona nake ganin mota ta zo a danƙare har tana jan ciki a ƙasa, direba ya rage gudu ya dunƙule hannu ya miƙa, a ɗaga masa katako ya wuce, ba a kalli taya ba ba a kalli fitila ba ba a ƙirga mutane ba. Shingen ya koma wajen karɓar kuɗi kenan. Kuma direban da ya san da 'yar canji zai wuce, me zai sa ya gyara motarsa? Yallaɓai kwamanda, motar nan daga tasha ta taso, tashar kuma tana da shugaba tana da rajista, a can ya kamata a tare ta kafin ta ɗau hanya, in mota ta fita daga tasha da obalodi a kama shugaban tashar tare da direban. Ita kuma na'urar rage gudun da aka ce dole tun 2017, ina roƙon a zo tashoshinmu a duba mota nawa ke da ita tana aiki.

Haka tirelolin da ke tasowa daga kasuwannin dabbobi za su kudu, shanu a ƙasa, an gicciya katako a sama matasa 'yan ci-rani sun jeru a kai, tafiyar kwana biyu, saboda kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. In ta faɗi ba a maganar mutum biyu ko uku. A watan Fabrairun 2025 wata tirela ɗauke da kaya da mutane ta kife a gadar sama ta Hotoro a Kano, sama da mutum 20 suka rasu. Hukuma ta sha cewa ta hana haɗa mutane da dabbobi, amma hani kawai ba zai yi ba in ba a ba yaran nan wata hanyar ba, ko da motocin gwamnati ne masu sauƙin kuɗi a lokacin tafiya ci-rani bayan girbi da lokacin dawowa gabanin damina.

Ranka ya daɗe ba sai na tuna maka Majiya ba, kai ka je ka tsaya a bakin kabarin. Daren Talata 15 ga Oktoban 2024, tanka ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, mai ya malala a kwata, mutane suka fito da bokiti da jarka, wuta ta tashi, kwamitin da ka kafa ya ce mutum 209 ne suka rasu. A yankin nan da wuya ka samu wanda bai da ɗan uwa ko aboki ko abokin ciniki a ciki, akwai gidan da aka fitar da mutum fiye da ɗaya, yawanci kuma matasa ne majiya ƙarfi waɗanda su ke noma su ke ciyar da iyaye. Wata uku bayan nan aka sake irinta a mahaɗar Dikko a jihar Neja, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ce a 2024 kaɗai mutum 411 ne suka mutu wajen kwasar mai.

Na ji masu cewa ai kwaɗayi ne ya kashe su, na ji masu cewa talauci ne. Ni dai ina ganin ɗibar man ganganci ne kuma haram ne don dukiyar wani ce, dole mu faɗa wa 'ya'yanmu wannan ba ɓoye ɓoye, amma kuma wanda bai taɓa tura babur ɗinsa kilomita biyar don ba shi da kuɗin lita ɗaya ba kar ya yi saurin zagin mamaci. Abin da ya fi damuna shi ne tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta akwai lokaci, kuma a cikin wannan lokacin ne ake ceton rai ko a rasa shi. In yau da daddare wata tankar ta sake faɗuwa a wani ƙauye a hanyar nan, wa mai gari zai kira? Motar kashe gobara mafi kusa tana ina, tana da mai, tana da kumfar kashe wutar fetur ko ruwa ne kawai? 'Yan sanda nawa ne za su iya korar mutum ɗari biyar? Ya kamata a ce kowane dagaci da mai unguwa da limami a garuruwan bakin titi an zaunar da shi an gaya masa ga abin da za ka yi, a shiga lasifikar masallaci a ce kowa ya nisanta, a kashe wuta da janareto, 'yan sintiri su zagaye wajen da igiya, ga lambar da za ka kira. Kuma muna so a fito a gaya mana a rediyo, cikin shawarwarin da kwamitin Majiya ya bayar wanne aka yi wanne ya rage, don marayu da zawarawan suna nan suna saurare.

Sai abin da ke biyo bayan haɗari, wanda a ganina nan ne muka fi asarar rayuka. Da yawa ba nan take suke mutuwa ba, a hannunmu suke cikawa. Mu ne mutanen farko da ke isa wajen, mai faci da mai shayi da ɗan acaɓa da manomin da ke gona kusa, da zuciya ɗaya muke zuwa amma ba mu da ilimin abin, a finciko mutum ta taga, a kama hannu da ƙafa wuya yana lilo, a ba shi ruwa, a cusa shi a bayan akori-kura ko a ɗora shi a babur a tsakiyar mutum biyu, wanda ƙashin bayansa ya ɗan taɓu kafin a isa ya zama ba ya motsi har abada. Wasu kuma, abin takaici, waya suke fitarwa suna ɗaukar bidiyo don su saka a Facebook, uwa ta ga gawar ɗanta a waya kafin a zo mata gaisuwa, wannan ɗabi'a dai Allah ya raba mu da ita.

Akwai wani dare da muka kwashi mutane a wata mota da ta daki tirelar da ta lalace aka bar ta a kan hanya, muka kai wani asibiti, wuta babu, ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki yana duba su da fitilar waya, jini babu, aka ce sai dai a wuce da su Kano, motar asibiti kuma sai an kawo kuɗin mai. Muka tsaya muna haɗa kuɗi a tsakaninmu, wani dattijo da nake riƙe da kansa yana ta salati yana tambayata ina jikarsa, kafin a tayar da motar ya cika. Ban ga laifin ma'aikacin nan ba, ya yi iya yinsa, abin aiki ne babu. Alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, har ta ware wani kaso na kuɗi don irin wannan. To a ina kuɗin yake tsayawa?

Roƙona, a ajiye motar ɗaukar marasa lafiya da manta da direbanta a manyan mahaɗu irin Gujungu da Shuwarin da Kwanar Huguma, ba a hedikwata ba, a tabbatar in an kira 122 daga ƙauye wani zai ɗauka kuma wani zai zo, manyan asibitocin da ke kan hanyoyin nan a ba su jini da wuta da likitan dare don ba kowa ne zai kai asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano da rai ba. Mu kuma 'yan bakin titi a koya mana taimakon farko, ko na kwana biyu ne, yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaga mutum ba a karya shi ba, a ba mu safar hannu da bandeji mu ajiye a rumfa. Wallahi za mu zo, ba sai an ba mu kuɗin zama ba.

Ita ma tirelar da ke lalacewa a bar ta kwana da kwanaki a kan titi, a karyo ganye a jera a baya wai shi ne alama, ganye da dare wa zai gan shi? A samo motar janwe a hanya, a kuma ci tarar mai motar. Amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan magariba ba fitila, a raba musu 'yar leda mai ƙyalli su manna a baya, ba wani kuɗi ba ne. Mu ma manoma mu daina shanya shinkafa da barkono a kan kwalta muna jera duwatsu, mota ta kauce wa shanya ta faɗa kan mutum.

Babur kuma shi ne motarmu shi ne motar asibitinmu, kuma shi ya fi kashe mana matasa. Yaro ɗan shekara 12 ƙafarsa ba ta kai ƙasa an ba shi babur ya kai niƙa, mutum huɗu a kan babur ɗaya, ranar kai amarya kuwa sai wasa da babur da mota ana ɗaga taya ana ihu, biki ya koma zaman makoki. Tun 2009 aka ce dole a saka hular kwano, a ƙauyenmu in ka saka ma dariya za a yi maka, alhali yawancin wanda babur ya kashe a ka yake buguwa. Nan kam aikin iyaye ne da masu unguwanni, kuma in masarautun Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim suka sa baki suka ce duk angon da aka yi wasan ganganci a bikinsa za a kira waliyyinsa gaban hakimi, za a ga canji. Sai dai fa manya su ma su nuna misali, don in ayarin ɗan siyasa ya ratsa gari da jiniya da gudun da ya fi na kowa har yana ture masu babur gefe, da wane baki za a ce wa ɗan acaɓa ya bi a hankali?

Ko motocin gwamnati ma a duba yadda ake tafiyar dare da direba ɗaya. A ƙarshen watan Mayun 2025 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun motarsu ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, mutum 22 suka rasu, saura ƙiris su iso gida, hukumar kiyaye haɗurra ta ce tana zaton gajiya ce da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Duk tafiya mai nisa a sa direba biyu, wannan ba ya buƙatar wani kwamiti.

Mu musulmi ne mun yarda da ƙaddara, ba wanda zai wuce kwanansa, amma an mayar da kalmar nan mafaka, direba ya yi ganganci a ce ƙaddara, ɗan kwangila ya bar rami ba alama a ce ƙaddara, iyalan mamaci su ce sun yafe tun kafin a tambayi me ya faru, shi kenan ba bincike ba hukunci, gobe ya sake hawa mota. Yafiya abu ne mai kyau amma haƙƙin iyali daban, haƙƙin sauran masu bin hanya daban, wanda ya kashe rai da tuƙin ganganci ko an yafe masa a karɓe lasin ɗinsa. Malamanmu da limaman Juma'a su ma a sa su a ciki, su yi huɗuba a kan haƙƙin hanya kamar yadda suke yi a kan sauran haƙƙoƙi, don maganar liman ɗaya ta fi sanarwar rediyo goma shiga kunne a wajenmu. Ita ma inshorar mota da aka mayar naira 15,000 aka ce dole, a yi wa mutane bayanin me take biya kuma ina ake zuwa a karɓa, don mu dai a nan takardar nuna wa mai kaki muka ɗauke ta.

Ranka ya daɗe, yallaɓai kwamanda, ina roƙonku ku zaɓi ranar Lahadi ɗaya ku biyo hanyar Gujungu ba jiniya ba sanarwa, a ƙaramar mota, tun daga hantsi har bayan magariba lokacin da 'yan kasuwa ke komawa gida, ku zauna da direbobi da 'yan kamasho da masu faci da iyayen yaran da aka kaɗe ku ji daga bakinsu, sannan a fara da tudun rage gudu a gaban makarantu kafin a koma hutu na gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu jinya lafiya, ya ba ku ikon yin abin da ya dace.

Wassalam.
Naku, wani mai faci daga bakin titin Ringim zuwa Gujungu.